Zaɓen Furanni Masu Daɗewa Domin Ƙawata Gefen Katangar da Rana ke Duka

Gabatarwa

Duk wanda ya bi Titin Zariya ta Gyadi-Gyadi, ko ya ratsa Daurawa da Tarauni ta Titin Maiduguri, zai lura da yadda al'adar dasa furanni a jikin katanga ta yaɗu, a gidajen jama'a da harabar makarantu, asibitoci da ma'aikatu. Haka zalika al'adar ta isa hedikwatocin ƙananan hukumomi da manyan garuruwan karkara. Sai dai abin da muka daɗe muna lura da shi shi ne, da yawa daga abin da aka dasa a watan Yuli, kafin Afrilu ya zagayo ya zama ƙirare. Kuɗin saye sun tafi, kuɗin ruwa sun tafi, sannan mai gida ya yanke hukuncin cewa ƙasar Kano ba ta karɓar fure. Laifin kuwa galibi na zaɓe ne, domin an sayi shukar da ba ta dace da wurin ba. Wannan bayani ya shafi furanni masu daɗewa, wato waɗanda ake dasawa sau ɗaya su yi shekaru suna fure, da yadda za a zaɓe su domin fangalin da rana ke duka tun safe har la'asar. Mun yi shi ne domin magidanta, shugabannin makarantu, masu unguwanni da jami'an da aka ɗora wa alhakin kula da harabar ofisoshi.

Yanayin da Shukar za ta Fuskanta

Ruwan sama a birnin Kano yakan kama daga milimita 700 zuwa 1,000 a shekara, gwargwadon yadda damina ta zo, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawa a watan Agusta. Bayan haka sai a yi kimanin watanni bakwai babu ruwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ce mai busar da ganye da lulluɓe shi da ƙura, daga Maris zuwa Mayu kuma bazara ce, inda zafi kan kai digiri 40 ko ya wuce. Ke nan furen da za a kira mai daɗewa a wurinmu dole ya jure abu biyu masu karo da juna: jiƙewar Agusta da ƙunar Afrilu. Littattafan lambu da aka rubuta a Ingila ko Amurka suna auna daɗewar shuka ne da jure ƙanƙara, don haka jerin sunayen da ke cikinsu ba shi da amfani sosai a nan. Ko wardi, da jama'a ke sha'awa, ya fi jin daɗin tudun Jos mai sanyi; a Kano yana rayuwa, amma da wahala da yawan ruwa, kuma ba mu ba da shawarar a sa shi a fangalin rana ba.

Kafin a sayi komai, ya kamata a san inda katangar ta fuskanta. Wanda ya san alƙiblar gidansa ya san gabas, sauran kusurwoyin kuma ba su da wuyar ganewa. Katangar da ta kalli gabas tana samun ranar safe, da rana ta karkata kuma sai inuwa ta rufe ta, wannan ita ce mafi sauƙi. Wadda ta kalli yamma ita ce mafi tsanani, domin bulon siminti yana shan zafin la'asar ya riƙa mayar da shi kan shuka har bayan magariba. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa da mu da tsakar rana, sauran watannin shekara kuma ta kudu. Saboda haka katangar da ta kalli kudu tana shan rana duk tsawon rani, lokacin da ruwa ya fi tsada.

Bambanci Tsakanin Mai Daɗewa da Mai Shekara Guda

A wuraren masu sayar da dashe na gefen titi, furannin da suka fi ɗaukar ido sau da yawa 'yan shekara guda ne, irin su ziniya da marigol. Waɗannan suna fure watanni biyu ko uku, su zubar da iri, su mutu, ko da an shayar da su safe da yamma. Ba laifi ba ne a saye su don cike gurbi, matuƙar mai saye ya san abin da ya saya. Kuskuren da ake yawan yi, musamman idan ana shirin bikin buɗe sabon gini, shi ne a cika haraba da su domin su yi kyau a ranar taro, bayan wata uku kuma sai fili ya koma ƙasa tsagwaronta. Don haka a tambayi mai sayarwa kai tsaye ko shukar tana kaiwa baɗi.

Sahun Baya: Dogaye na Jikin Katanga

Buganbiliya ita ce ta farko da za mu ambata, kuma a ganinmu babu wadda ta kai ta dacewa da Kano cikin baƙin furanni. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, an sa mata sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Bougainville, wanda ayarinsa ya same ta a Burazil a shekarun 1760. Abin da muke gani ja, ko ruwan hoda, ko fari, ko ruwan goro, ganye ne mai launi siriri kamar takarda. Furen na ainihi shi ne ɗan farin da ke tsakiya. Halinta shi ne ta fi yin fure idan ta ji ƙishirwa, shi ya sa take cika da launi a lokacin hunturu da bazara. Wanda ya yawaita mata ruwa da takin yuriya zai samu ganye kore shar da ƙaya, ba fure. Tana buƙatar aski sau biyu ko uku a shekara, in ba haka ba ta tsallake katanga ta tare hanya ko ta kama wayar lantarki. A bar tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu tsakanin gindi da gindi.

Akwai kuma Caesalpinia pulcherrima, mai ganye irin na bagaruwa da fure ja gauraye da rawaya, da Tecoma stans mai rawayan fure kamar ƙararrawa. Dukkansu suna tsirowa daga iri cikin sauƙi, suna kai mita biyu zuwa uku, kuma da zarar saiwarsu ta kama ba sa neman ruwa da yawa. Hibiskus, ɗan'uwan yakuwa da rama, yana da manyan furanni masu kyau, amma mai son ruwa ne. A sa shi a katangar gabas ko kusa da famfo.

Bai kamata kuma a raina lalle ba. Furensa ƙanana ne, ba su da ɗaukar ido, amma ƙamshinsu yana cika tsakar gida da dare, yana yin shinge mai kauri idan ana aske shi, ganyensa kuma kuɗi ne a hannun matan gida. A karkara, inda danga ce a maimakon katangar bulo, lalle ya fi kowace baƙuwar shuka cancantar sahun baya.

Sahun Tsakiya

A nan ne kariya take, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum. Wannan tamu ce, tana fitowa da kanta a dazuzzukan Sahel, kuma kakanninmu sun san ta tun kafin a fara sayar da ita a cikin tukwane a Turai da Asiya da tsada. Tana ajiye ruwa a kumburarren gindinta, ta kakkaɓe ganye da rani, sannan ta fitar da fure ruwan hoda a kan rassa tsirara a daidai lokacin da sauran shukoki suka yi laushi. Abin da ke kashe ta shi ne kwanciyar ruwa. Idan fangalin yana riƙe ruwa da damina, a yi mata ɗan tudu na yashi da tsakuwa a dasa ta a kai. Ana iya dasa reshenta, amma sai an bar yankan ya bushe kwana uku zuwa biyar a inuwa. Wadda aka shuka daga iri ce ta fi yin babban gindi. A sani cewa ruwan jikinta guba ne, mafarauta a sassan Afirka sun yi amfani da shi a dafin kibiya, don haka a wanke hannu bayan an yanke ta.

Euphorbia milii, 'yar gajeriya mai ƙaya da jan fure, dangin aguwa da tinya ce, kuma ta gaji juriyarsu. Tana fure kusan duk shekara, awaki ba su cika kusantarta ba. Farin ruwanta yana ƙona ido da fata kamar na 'yan'uwanta. Alo, wanda irin namu na daji ake kira zabuwa saboda ɗige-ɗigen ganyensa, yana fitar da dogon kara mai fure rawaya ko ja-ja, kuma yana haihuwar 'ya'ya a gindi waɗanda za a cire a raba wa maƙwabta.

Iksora tana da farin jini a wurin masu saye saboda dunƙulen jan furenta, amma tana da sharaɗi. Ba ta son ƙasar da ta gauraya da ɓaraguzan siminti ko toka, kuma irin wannan ƙasa ce ake samu a gefen katangar yawancin sababbin gidaje. Alamar ita ce ganye ya koma rawaya jijiyoyinsa na kore, shukar ta tsaya ba girma. Wanda ke son ta sai ya kwashe ƙasar wurin ya zuba sabuwa da ruɓaɓɓen taki. Alamanda mai manyan furanni rawaya da kanna mai faɗin ganye kamar na ayaba sun fi kyau da damina. Kanna tana son danshi ƙwarai, wurin da ya dace da ita shi ne inda ruwan alwala ko na famfo ke gangarawa.

Sahun Gaba: Gajeru na Bakin Fangali

Binka, wato Catharanthus roseus, ita ce mafi arha kuma mafi haƙuri. Tsayinta bai cika wuce santimita 60 ba, furenta fari ne ko ruwan hoda, ba ta hutawa, kuma tana zubar da iri ya tsiro da kansa. Asalinta daga tsibirin Madagaska ne, kuma daga cikinta masana suka fitar da magungunan sankara guda biyu, vinblastine da vincristine, a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960. Wannan ba dalili ba ne na dafa ganyenta a sha, domin shukar kanta tana da guba. Rauninta ɗaya, idan ruwa ya kwanta a gindinta a watan Agusta sai ta ruɓe.

Fotulaka, 'yar'uwar fasa-ƙaba, tana shimfiɗuwa a ƙasa da launuka iri-iri, tana buɗewa da hantsi ta rufe da rana ta yi la'asar. Ba ta da tsawon rai sosai, amma duk ɗan reshen da aka tsinka aka soka a ƙasa zai kama, don haka ba ta ƙarewa a gida. Masu albasa a ƙasa su ma suna da gurbi: albasar kwaɗi, da muke gani a fadamu da faɗuwar ruwan farko, tana da farin fure mai jan zane, akwai kuma Hippeastrum, mai fure ja-ja da ke ɓullowa a lokacin rani, wanda a Afirka ta Yamma ake danganta shi da hunturu. Waɗannan sukan ɓace na wasu watanni, sai a kafa ɗan tsinke a wurin domin kada a sare albasar da fartanya.

Waɗanda ke Buƙatar Taka-tsantsan

Muna jan hankalin shugabannin makarantun firamare da Islamiyyu, da duk mai ƙananan yara ko dabbobi a gida, game da shukoki uku. Ta farko oliyanda, doguwa mai siririn ganye da fure ruwan hoda ko fari. Tana jure rana da ƙishirwa fiye da kusan kowace, shi ya sa ake son ta a tsakiyar tituna, amma ganye da fure da itacenta duk suna ɗauke da gubar da ke taɓa zuciya. Ganyenta kaɗan, ko busasshe ne, yana iya kashe tunkiya ko akuya. Kada a yi asuwaki ko tsinken tsire da reshenta, kada a sa ta a murhu, kada kuma a zubar da abin da aka aske a inda dabbobi ke kiwo. Ta biyu ita ce Thevetia, mai rawayan fure da 'ya'ya masu ƙwallo, waɗanda yara kan tsinta su yi wasa da su. Ƙwallon nan ya fi komai a jikinta haɗari. Ta uku lantana, mai ƙananan furanni masu sauya launi. Tana lalata hantar shanu da tumaki, kuma tsuntsaye na yaɗa irinta, har ta zama annoba a makiyayan Indiya, Ostareliya da gabashin Afirka. A cikin birni, a harabar da ke da ƙofa, ana iya ajiye ta ana askewa; a ƙauye ba mu ga dalilin kai ta ba. Idan yaro ya ci wani ɓangare na ɗayan waɗannan, a garzaya da shi asibiti tare da reshen shukar, kada a tsaya jiran alama.

Lissafin Ruwa

Wannan shi ne abin da ya kamata ya yanke hukunci, ba kyan fure ba. Fangali mai tsawon mita 10 da faɗin mita ɗaya, idan an cika shi da masu son ruwa irin su hibiskus da kanna, a ƙiyasi zai sha kusan lita 50 a kowace rana ta bazara, wato jarka biyu ta 'yan garuwa. Fangalin nan kuwa idan buganbiliya, kariya, alo da binka ne a ciki, bayan shekarar farko shayarwa mai kyau sau ɗaya ko biyu a mako ta wadatar. Mai rijiyar burtsatse yana da zaɓi. Mai sayen ruwa a kura ya tsaya a rukuni na biyu. Kada a cakuɗa rukunan biyu a wuri ɗaya, domin ruwan da zai ƙosar da kanna shi zai ruɓar da kariya.

A shayar da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, har ruwan ya ratsa ƙasa, maimakon yayyafi kullum wanda ke sa saiwa ta tsaya a sama. Ruwan alwala da na wanke hatsi ko kayan miya suna da kyau. Ruwan wanki mai omo ko bilic yana lalata ƙasa a hankali. Wata dabara mai sauƙi ita ce a binne tulun ƙasa marar fenti har wuya a tsakanin shukoki, a riƙa cika shi ana rufe bakinsa, ruwan zai riƙa tsattsafowa zuwa saiwa.

Shirya Wuri, Saye da Dasawa

A bar aƙalla rabin mita tsakanin katanga da gindin manyan shukoki, domin danshi kada ya ci tushen gini, musamman ginin ƙasa. A haƙa zurfin santimita 40, a tsince ɓaraguzai da leda, a gauraya kashi ɗaya na ruɓaɓɓen takin shanu da kashi uku na ƙasa. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙona saiwa kuma yana janyo gara. Inda ƙasa laka ce a ƙara yashi a ɗaga fangalin. Inda jigawa ce a ƙara taki. Wanda zai yi fangali a wajen katanga ya tabbatar bai toshe kwata ba, bai ci hanya ba, bai kuma haƙa kan bututun ruwa ba. Idan akwai shakka kan iyakar fili a cikin birni, a tuntuɓi Hukumar Tsara Birane ta Jiha, KNUPDA.

Lokacin dasawa mafi dacewa shi ne daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, bayan damina ta zauna, domin saiwa ta samu watanni uku tana kamawa kafin ruwa ya ɗauke. A wurin saye a duba ƙarƙashin ganye ko akwai farin ƙwaro mai kama da auduga, a duba ko saiwa ta fasa ledar ta shiga ƙasa, a kuma tambayi tun yaushe shukar take Kano. Wadda aka sauke kwanan nan daga Jos ko kudancin ƙasar nan, ko aka rene ta a ƙarƙashin inuwa, idan aka kai ta rana kai tsaye ganyenta zai ƙone. A riƙa fito da ita rana kaɗan-kaɗan har tsawon mako biyu. Ƙaramar shuka mai ƙoshin lafiya ta fi babba mai fure saurin kamawa, ga kuma sauƙin kuɗi. Mafi arha duka shi ne roƙon reshe a wurin maƙwabci, domin abin da ya rayu a unguwar an riga an gwada shi. Reshen buganbiliya ko hibiskus mai kaurin fensir da tsawon santimita 20 zuwa 25 yana kamawa a leda cikin inuwa da damina.

Wajen jera launi, ra'ayinmu shi ne launi biyu ko uku da aka maimaita sun fi tarkacen kowane iri ɗaya-ɗaya. Hasken ranarmu yana kashe launuka masu sanyi, don haka ja, rawaya da ruwan goro sun fi fitowa, fari kuma ya fi kyau da dare.

Kulawa Bayan Dasawa

Da ƙarshen damina a rufe gindin shukoki da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa domin riƙe danshi, amma kada ya taɓa kara, kuma a riƙa ɗagawa ana duba gara. Da hunturu a wanke ƙurar ganye lokaci-lokaci. Ga darɓa da farin ƙwaro, a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma. Takin zamani na NPK 15-15-15, ɗan cokali ɗaya ga kowace babbar shuka a farkon damina da tsakiyarta ya isa, a binne shi nesa kaɗan da gindi. A karkara, inda ake sakin dabbobi bayan girbi, sai an kewaye fangalin da ƙaya ko waya a shekarar farko.

A harabar makaranta ko ofis, a rubuta sunan wanda zai riƙa shayarwa tun kafin a sayi dashen, a kuma tanadi yadda za a yi a lokacin hutu, musamman hutun da ke faɗowa a watan Afrilu. Masu neman ƙarin bayani za su iya tuntuɓar malaman gona na KNARDA ko sashen gona na ƙaramar hukumarsu. Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, mai hedikwata a Ibadan, tana da reshe a Bagauda. Wanda kuma yake son ganin girman da itatuwa da shukokin ado ke kaiwa kafin ya yanke tazarar dashensa, yana iya ziyartar Gidan Zoo na Audu Bako, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, kuma ba shi da nisa da Gyadi-Gyadi.